Kabari Ɗaya a Wuri Uku

Jawabin da Noëlla Capino ta yi a taron tunawa da kawunta, marigayi Anselme Tahamont, a zauren taro na Odanak, garin al'ummarsu ta 'yan asalin ƙasa, ranar Asabar ta farko a watan Disamba. Iyalansa ne suka nemi a buga shi a raba wa dangi.

Kwai, kwai gare ku duka, wato sannunku da harshenmu.

Mai girma Shugaban al'ummarmu da 'yan majalisarsa, Fada da ya yi mana addu'a da safe, dattawanmu maza da mata da ke kujerun gaba, 'yan'uwanmu da suka taso daga Wôlinak, da waɗanda suka ƙetaro iyaka suka sha doguwar tafiya, sannunku da zuwa, sannunku da sanyi. Lucille da Gilbert, 'ya'yan marigayi, tare da jikokinsa bakwai, ina ƙara yi muku gaisuwa, ya ƙarin haƙuri. Sai ke Inna, Adrienne, uwata kuma yayar marigayi. A tsarin girma ke ya kamata in fara ambata. Na ajiye ki a ƙarshe ne don na san in na fara da ke, muryata ba za ta kai ni ƙarshen gaisuwar ba.

Jama'a, ban san dalilin da ya sa aka zaɓe ni ba. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyarwa, ban taɓa tsayawa gaban aji na rasa ta inda zan fara ba sai yau. Sau uku ina rubuta jawabin nan ina yagawa. Gilbert ya ce wai ni ce mai baki a dangi. To, Gilbert, ga bakin, amma kan da ke samansa a ɗaure yake, kuma kafin in zauna za ku ji abin da ya ɗaure shi.

Bari in fara da abin da na tabbatar.

Ya kasance mutumin da ake jin sa kafin a gan shi. Duk wanda ya girma a garin nan ya san ƙarar nan ta bayan gidansa, tim, tim, tim, tun da sassafe, yana dukan gungumen itacen saƙa da bayan gatari har sai ya rabu falle-falle an samu abin saƙa kwando. Mun tashi da ita, mun yi ƙunƙuni a kanta, wasunmu har ƙara sun kai majalisa. Yau sati shida ke nan ba mu ji ta ba, kuma ina ganin wasu daga cikin masu kai ƙarar a nan suna share ido.

Ya kasance mai tsananin ra'ayi a kan kwando. In ka kai masa naka, ba dubawa yake fara yi ba, shinshinawa yake yi. In bai ji ciyawa mai ƙamshi a bakin kwandon ba sai ya miƙo maka ya ce, "Bokitinka ya yi kyau." Ni kaina sau biyu ina karɓar bokitina in koma gida ina cika ina batsewa.

Ya kasance ɗan majalisar garin nan har karo uku, kuma dattawan da suka zauna da shi ba za su manta ranar da ya shigo taro da gungume a kafaɗa ba. Ana maganar share fadamar da itatuwan saƙa suke, ya dire shi a tsakiyar tebur, ya ce tunda a kansa ake magana, ya kamata a yi a gabansa. Fadamar tana nan har gobe.

Ya kasance malamin harshenmu duk ranar Talata, shekara ashirin da biyu, a ɗakin da ke bayan wannan zauren. Wani lokaci ɗalibai goma, wani lokaci biyu. Akwai ranar da Lucille ta je ɗaukarsa ta tarar yana ta bayani ga kujeru. Ta ce, "Baba, babu kowa fa." Ya ce, "Ke ba kowa ba ce? Zauna, buɗe shafi na tara." Lucille, da haka kika iya harshen, kada ki ce mana son ranki ne.

Sannan ya kasance mai ba mu labari. A nan ne tabbacina ya ƙare.

Kun san doka, shi ya koya wa yawancinmu ita. Daga tsawar farko ta shekara har zuwa saukar dusar ƙanƙara, ba a yin tatsuniya. In aka yi, masara za ta bar girma ta tsaya saurare, macizai su biyo murya har cikin gida. Kawu bai ɗauki wannan da wasa ba. Muna yara yakan gwada mu. Ana tsakiyar zafi, muna zaune muna tsinke ciyawa, sai ya gyara murya ya ce, "Ku matso, na tuna wani labari." Duk wanda ya matso sai ya ji ɗan yatsa a kunne, tas! Ya ce, "Ka ga ƙanƙara a waje?" Gilbert ya fi kowa shan wannan, ku duba kunnensa na hagu. Ni sau ɗaya aka yi mini, ban ƙara ba, kuma na yi shekara hamsin ina alfahari da hakan.

A cikin labaran da yake ba mu da hunturu, tsakanin na dabbobi da na farkon duniya, akwai guda ɗaya da ba tatsuniya ba ne. Labarin uwarsu ne, Kaka Ursule.

Manyanmu sun sani, amma saboda matasa zan faɗa. A zamanin nan, da zafi ya shigo iyalai sukan kwashi kwandunan da suka saƙa da hunturu su ƙetara iyaka, su kafa rumfa inda masu yawon shan iska suke, sai sanyi ya fara su dawo. Shekara saba'in da biyar da suka wuce, kakanmu Noé da matarsa Ursule suka tafi da ɗansu Anselme mai shekara tara. Inna tana da goma sha uku, aka bar ta gida ta kula da tsohuwar kakarta. Ranar tafiya Kaka Ursule ta damƙa mata damin ciyawa mai ƙamshi ta ce, "Ki kitse mini wannan kafin in dawo, kuma ban son kitso mai sako-sako." Inna ta kitse tsaf. A watan Satumba mutum biyu suka dawo.

Zazzaɓi ne ya ɗauke ta a can cikin kwana huɗu. Kakanmu ya ji tsoron in hukuma ta ji, za a ce Ba'indiye, kamar yadda suke kiran mu 'yan asalin ƙasa, marar mata ba zai iya riƙon yaro ba, a karɓe masa ɗa. Sai wani manomi ya taimake shi suka binne ta a gefen gona, ba dutse, ba takarda. Ya dawo gida ya rufe bakinsa, har ya mutu bai ambaci sunan wurin ba. Mutum ɗaya ya rage a duniya da ya tsaya a bakin kabarin nan, shi ne wanda muka taru dominsa yau.

Inna kuwa, ga ta nan, ba za ta so in faɗa ba amma zan faɗa. Kowace shekara sai ta kitsa sabuwar ciyawa ta rataye a bayan ƙofar ɗakinta, tana jiran ranar da za ta ɗora a kan kabarin uwarta. Shekararta tamanin da takwas. Ba ta taɓa roƙonmu komai ba sai wannan. In ta tambayi ƙaninta sai ya ce, "Yaya, sai hunturu." In hunturu ya zo ya fara, sai ya sako kurege mai magana da iska mai fushi a ciki, ita kuma ta miƙe ta ce uwarta ba abin hira ba ce, ta fice. Shekara saba'in da biyar suna wannan, gidajensu suna kallon juna.

Ni na zauna na saurara. Abin da ya faɗa mini, kuma ba sau ɗaya ba, shi ne Kaka Ursule tana gindin duwatsun jihar New Hampshire, can ƙetaren iyaka, kusa da wata ƙaramar tashar jirgin ƙasa, kuma yana jin kukan jirgi lokacin da ake mayar da ƙasa. Sai dai sunan garin ne bai taɓa faɗa ba. Na ce a raina wata rana zan tsare shi da rikoda in samo sunan.

To, ranar sha ɗaya ga Agusta ya buga mini waya. Na san ranar don ina tsakiyar dafa miyar masara ta bikin suna.

Ya ce, "Malama." Haka yake kirana in zai tsokane ni. "Rikodar nan taki tana aiki?"

Na ce tana yi.

Ya ce, "Kawo ta yau. Zan faɗa miki inda Ursule take."

Na ce, "Ai na sani, Kawu, gindin dutse, kusa da tasha. Suna kawai nake nema."

Ya ce, "Wancan na hunturu ne. Na gaskiyan zan ba ki."

Jama'a, ku ji abin da ya fito daga bakina. Na leƙa taga, rana tana ƙwalla, masara ta kai kafaɗa. Sai na ji kunnena yana zafi tun ba a taɓa shi ba. Na yi dariya na ce, "Haba Kawu, ni za ka kama? Da furfurata? Ka ga ƙanƙara a waje?"

Ina jin numfashinsa. Can sai ya yi 'yar dariya ya ce, "Lallai an koyar da ke." Na ce, "Wa ya koyar da ni?" Ya ce, "Wani wawa. To shi ke nan, sai ta sauka." Na ajiye waya ina jin daɗi, har na gaya wa mijina cewa tsoho ya sa mini tarko na tsallake.

Ranar ashirin ga Oktoba ya faɗi a bayan gida, gatarin yana hannunsa. Kwana tara bayan nan dusar ƙanƙara ta sauka.

Wayyo ni. Na yi ta juya maganar nan har kaina ya yi ciwo. Gwaji ne? In gwaji ne, na ci, to me ya sa muryarsa ta yi sanyi? In ba gwaji ba ne, me ya hana shi ya daka mini tsawa ya ce, ke, wannan ba tatsuniya ba ce, maganar uwata ce, zo nan? Kawu bai taɓa jin nauyin yi wa kowa tsawa ba. Ko kuwa shi ma dokar ce ta kama shi, da na mayar masa da ita ya kasa tsallakewa? Dokar tatsuniya ce, ba ta hana a faɗi inda aka binne mutum ba, kowane yaro a ajinsa ya san wannan. Amma shi ne ya yi shekara da shekaru yana ba da labarin uwarsa da hunturu kawai, har na kasa bambance su. Laifina ne, ko nasa, ko na wa? Ban sani ba. Na dai san ni ce na ce a'a.

Kuma ba a nan abin ya tsaya ba. Ranar da muka dawo daga maƙabarta muna zaune a teburin Lucille, ga kyafaffen kifi an ajiye ba mai ci, na daure na faɗi abin da na yi. Na ce aƙalla mun san gindin dutse ne, sai mu bi tashoshin ɗaya bayan ɗaya.

Lucille ta ce, "Wane dutse? Bakin tabki ne, a jihar Vermont. Baba ya ce ruwa yana taɓa ƙafar gonar, har ya wanke hannunsa a ciki bayan an gama."

Gilbert ya ajiye cokali ya ce, "Ku biyun nan lafiyarku? A jihar Maine ne. Bayan wata farar coci, kusa da gadar katako mai rufi. Sau nawa yana faɗa mini a kwalekwale."

Na ce, "A kwalekwale? Da hunturu?"

Ya ce, "A kan ƙanƙara, muna kamun kifi, kwalekwalen yana kife muna zaune a kai. Malama, kada ki gyara mini ubana."

Muka yi ta yi. Lucille ta ce ita ce babba, ita zai faɗa wa gaskiya. Gilbert ya ce shi ne namiji da suke fita tare. Na ce ni kaɗai ce mai rubutawa, na je na ɗauko littafina na nuna musu, kamar rubutuna zai mayar da shi gaskiya. Mutum uku masu jikoki, muna ɗaga murya a kan wanda tsoho ya fi so. Da muka gaji muka fara lissafin abin da labaran uku suka haɗu a kai. Manomin yana da ɗingishi a duka ukun. Akwai itacen saƙa guda a kan kabarin a duka ukun. Kuma a duka ukun, yaron ya cire igiyar ciyawar da ke ɗaure da gashin uwarsa ya sa a aljihu. Ban da wannan, komai daban.

Lucille tana ganin kakanmu ne ya rantsar da shi kada ya faɗa, shi kuma ya kasa yin shiru ya kasa karya rantsuwa, sai ya riƙa ba da labarin yana sauya wurin. Gilbert yana ganin yaro ɗan shekara tara da aka yi ta yawo da shi gari-gari bai san inda yake ba, duk wuraren da suka taɓa kafa rumfa ne suka cakuɗe masa. Da na ji Lucille sai in ce haka ne. Da na ji Gilbert sai in ce haka ne. To in bai sani ba, mene ne na gaskiyan da ya kira ni zai ba ni? Akwai wuri na huɗu ke nan? Ko kiran ya yi don ya ce mini, Malama, ban sani ba, ban taɓa sani ba, ki faɗa wa Yaya ta yafe mini? Wannan tunanin ya fi duka hana ni sukuni.

Lucille, Gilbert, ku dube ni. Ban tsaya nan don in ce ubanku maƙaryaci ne ba. Mutumin da ya taɓa tuka mota har garin Sorel don ya mayar da guduma da ya ara ba maƙaryaci ba ne. Abin da nake cewa shi ne mun zauna kusa da shi duk rayuwarmu, muna cin abincinsa, muna dariyar labaransa, ba mu lura cewa akwai yaro ɗan shekara tara a cikinsa da bai gama dawowa daga tafiyar nan ba. Ku riƙe abin da ya ba kowannenku, kada ku yar don bai yi daidai da na wani ba. Kuma ku yafe mini ranar sha ɗaya ga Agusta. Na san kun ce ba komai, amma ina so in roƙa a gaban mutane.

Duk wannan gardamar da muke yi, Inna tana zaune a ƙarshen tebur tana jin mu. Na kasa haɗa ido da ita. Sati biyar ina kai mata abinci in ajiye in gudu.

Shekaranjiya ta aiko a kira mu mu uku. Muka same ta da kwanon ruwan ɗumi a gabanta, ta jiƙa busasshiyar ciyawa, ɗakin duk ya ɗauki ƙamshi. Ta ce, "Ke Noëlla, daina sunkuyar da kai kamar wadda ta fasa tulu. Ke sau ɗaya kika ƙi saurarensa. Ni sau saba'in da biyar."

Na ce, "Inna, yanzu ba mu san inda za mu kai ki ba."

Ta ce, "Wuri nawa ya ba ku?"

Muka ce uku.

Ta ɗaga zanin da ke cinyarta. Kitso uku ne, sababbi, ba sako-sako ko ɗaya. Da yatsun nan nata da ba sa iya ɓalle maɓalli.

Ta ce, "Ku kai ni duka ukun."

Gilbert, Allah ya ba shi haƙuri, ya ce, "Gwaggo, hanya duk ƙanƙara ce, ƙasa a rufe take, ko itacen ba za mu gane ba. Mu bari sai yanayi ya gyaru."

Kai! Ban taɓa ganin Inna ta kalli mutum haka ba. Ta ce, "Duk wanda ya ƙara ce mini in jira lokaci a gidan nan, zai ji ɗan yatsa a kunne." Gilbert ya kama kunnensa na hagu.

Na ce, "To Inna, in ba ta ko ɗaya daga cikinsu fa?"

Ta ce, "Ni dama idona ba ya gani sosai. Ba nemanta zan je yi ba. Zan tsaya in ce, Inna, ga kitson, na gama tun tuni. Ita ce za ta gan ni."

Saboda haka, jama'a, jibi Litinin za mu kama hanya a motar Gilbert, mu huɗu. Tabki, sannan dutse, sannan gada. Ban san ko hankali ne ko rashinsa ba. Ban san abin da za mu ce wa ma'aikacin iyaka in ya tambaye mu inda za mu ba. Rikoda tana jakata, don Inna ta ce tunda kowa ya damu da inda uwarta ta mutu, ita za ta faɗi yadda ta rayu, kuma ba wanda ya taɓa tambayarta. Ku da kuke da tsofaffi a gida, in sun kira ku, ku je. Ko masara za ta bar girma, ku je.

Muna godiya ga Shugaba da majalisa da suka ba mu zauren nan. Muna godiya ga matan da suka tsaya kan tukwane tun safe, ga samarin da suka share hanya, ga ɗaliban Talata da suka yi masa waƙa da harshen da ya koya musu. Da yana nan da ya gyara muku wuri biyu, amma da ya yi kuka a mota. Muna godiya ga duk wanda ya tako. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Ubangiji Allah, ga bawanka Anselme ɗan Noé da Ursule. Ka gafarta masa, ka ba shi hutawa, ka sauke masa abin da ya ɗauka tun yana ɗan shekara tara. Ka ba 'ya'yansa da jikokinsa haƙuri. Ka ba yayarsa ƙarfin tafiya, ka kai ta ka dawo mana da ita. Mu ba mu san inda Ursule take ba, kai ka sani, ka haɗa ta da ɗanta. Amin.

Kawu, ta sauka. Gari duk ya yi fari. Na zo da rikodar.

Wliwni. Na gode.